Tarihin Sauke Manyan Fayiloli ta Imel a Minna

Tun asali, don rubutu zalla aka ƙirƙiri imel. Sai a 1992 aka fito da ƙa'idar MIME, wadda ta ba da damar liƙa hoto ko takarda a jikin saƙo. Dabarar ita ce a mayar da fayil ya zama haruffa, abin da ke ƙara masa nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Daga nan matsalar sauke manyan fayiloli ta samo tushe.

Kafin 2001, layukan tarho na NITEL ba su kai rabin miliyan ba a duk faɗin Najeriya. Wanda ya dace da layi, saurinsa bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba, don haka fayil mai megabayit 5 kan ci fiye da minti 15. In layin ya katse, sai a koma farko. Manhajojin da ke bin tsarin POP3 kuwa a jere suke sauke saƙonni, babban saƙo guda kan tare duk na bayansa.

Mazauna Limawa, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Minna, sun fi sanin wannan wahala a shagunan intanet, inda ake sayen lokaci da awa. Kasancewar Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, da hedikwatar hukumar NECO tun 1999, ya sa garin ya cika da masu aika takardu. A shagunan a lokacin, kwamfutoci da dama ke rabon layi guda na tauraron ɗan'adam, ga ɗaukewar wuta. Masu shago suka ƙware wajen rage girman hoto, da raba fayil gida-gida, da ba da shawarar a dawo cikin dare lokacin da cunkoso ya ragu.

Sauƙi ya zo sannu a hankali. An fara wayar salula ta GSM a watan Agustan 2001. Gmail ya fito a 2004 da rumbun gigabayit 1. A 2010 wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 suka fara aiki daga Legas, farashin intanet ya soma sauka.

Duk da haka iyakar girman fayil ba ta kau ba: Gmail bai yarda abin da aka liƙa ya wuce megabayit 25 ba. Abin da ya fi haka akan ɗora shi a Google Drive a aika adireshinsa, ko a tura ta WhatsApp. Shagunan intanet da suka rage sun koma rajistar jarrabawa da buga takardu.