Tawwabuna: Yunƙurin Masu Nadama na Birnin Kufa

1.0 Gabatarwa

Galibin tawayen da aka yi wa daular Banu Umayya neman mulki ne ko neman sauya mai mulki. Yunƙurin Tawwabuna, wanda ya tashi a Kufa ta ƙasar Iraƙi a shekara ta 65 bayan Hijira (684-685), ya fita daban, domin mutanensa sun fara tuhumar kansu kafin su tuhumi azzalumi. Sunan nasu ma shaida ne: daga saiwar Larabci ɗaya ya fito da kalmar nan tamu ta tuba. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda nadama ta zama tushen tawaye, da dalilin da ya sa mabiya Shi'a suke ganin girmansa duk da an murƙushe shi. Mafi yawan labarin ya zo ne ta hanyar Abu Mihnaf, mutumin Kufa, kamar yadda Ɗabari ya adana a littafinsa na tarihi.

2.0 Mafarin Nadama

Da Mu'awiya ya rasu a shekarar 680, ɗansa Yazidu ya gaje shi, sai manyan magoya bayan gidan Ali suka taru a gidan Sulaimanu ɗan Surad, wanda sahabi ne, suka rubuta wa Husaini ɗan Ali cewa ya zo ya shugabance su. Amma da gwamna Ubaidullahi ɗan Ziyad ya shigo gari da tsanani, ya kashe manzon Husaini, watau Muslimu ɗan Aƙilu, sai akasarinsu suka lafe a gidajensu. Ranar 10 ga Muharram ta shekara ta 61 aka kashe Husaini a Karbala, shi da 'yan tsirarun mutanen da ke tare da shi.

Bayan haka ne dattijai biyar suka sake haɗuwa a wancan gida, suka ɗora wa Sulaimanu shugabanci. Sun kamanta kansu da Bani Isra'ila lokacin da suka bauta wa ɗan maraƙi, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 54. A ganinsu, wanda ya kira jikan Annabi (S.A.W.) sannan ya naɗe hannu yana da kaso a cikin jininsa, kuma ba abin da zai wanke shi sai ya ɗauki fansa ko ya mutu a kan nemanta. Sun yi ta shiri a ɓoye har Yazidu ya mutu a 683.

3.0 Daga Nuhaila Zuwa Ainul Warda

An ce mutum 16,000 ne suka ba da sunayensu, amma da aka yi sansani a Nuhaila, bayan garin Kufa, a watan Nuwamba na 684, kimanin 4,000 kaɗai suka fito. Muhtar Assaƙafi ya riga ya janye wasu, yana cewa Sulaimanu bai san dabarun yaƙi ba, halaka kawai zai kai su. Wasu kuma suka ce ai makasan Husaini, irin su Umaru ɗan Sa'ad, suna nan cikin Kufa, me zai kai mutum Sham? Sulaimanu ya tsaya a kan cewa wanda ya ba da umurni, watau ɗan Ziyad, shi ya kamata a fara nema.

Suka biya ta Karbala, suka kwana a kabarin Husaini suna kuka da neman gafara. A Ƙarƙisiya, Zufar ɗan Haris ya ba su guzuri, ya kuma shawarce su su tsaya su haɗa ƙarfi da shi, suka ƙi. A watan Janairu na 685 suka gamu da rundunar Sham a Ainul Warda, aka kwana uku ana gwabzawa. Sulaimanu ya faɗi, shugabanni uku suka karɓi tuta bi da bi, su ma aka kashe su. Na biyar ɗin, Rifa'atu ɗan Shaddad, shi ya sulale cikin dare da waɗanda suka rage.

4.0 Naɗewa

In da ma'aunin yaƙi za a auna, sai a ce Tawwabuna ihu suka yi bayan hari: ba su kama gari ba, ba su kashe ɗan Ziyad ba. Rundunar Muhtar ce ta kashe shi a gaɓar kogin Hazir a 686. To, amma a riwayar Shi'a da wani ma'auni ake auna su. Ana lissafa kwanan da suka yi a Karbala cikin ziyarori na farko da jama'a suka kai wurin, kuma wasu masana suna ganin a nan ne juyayin Husaini ya fara ɗaukar kamannin ibada ta taro. Daɗin daɗawa, labarinsu ya zama hujja cewa yin shiru a gaban zalunci laifi ne mai bukatar tuba. Sai dai riwayar ba ta ɓoye ɗacin abin ba: takubba 4,000 da aka zare a 685, da a 680 aka zare su, da wataƙila tarihin Karbala ya sauya.