Shekara Talatin Tsakanin Unguwa Biyu a Shikago

A 2019 masu bincike na Jami'ar New York suka fitar da ƙididdigar tsawon rai unguwa-unguwa a biranen Amurka, sai Shikago ta zo kan gaba wajen girman tazara. Jaririn da aka haifa a Streeterville, unguwar masu hali a bakin tafkin Mishigan, ana sa ran zai kai shekara 90. Takwaransa na Englewood, inda kusan kowa baƙar fata ne, shekara 60. Tsakaninsu bai wuce kilomita 15 ba.

Akan yi saurin jingina wannan ga jini, a ce gado ne. Hujja ba ta goyi bayan haka ba. A 1997 likitoci biyu, Richard David da James Collins, suka duba rajistar haihuwa ta jihar Illinois. Suka tarar nauyin jariran matan da suka zo daga Afirka ya fi kusa da na jariran farare, alhali na baƙaƙen da suka tashi a Amurka ya yi ƙasa sosai. Da asali ne matsalar, da 'yar Afirka ce za ta fi kowa ɗanɗana kuɗarta. Abin da ya raba su shi ne inda kowacce ta girma.

Ita kuwa unguwa ba daga sama take faɗowa ba. Tun shekarun 1930 aka riƙa ja wa unguwannin baƙaƙe jan layi a taswira, bankuna suka daina ba da rancen gida a cikinsu. Mahaɗar titin 63 da Halsted a Englewood ta taɓa zama kasuwa ta biyu a girma a birnin. Da baƙaƙe suka shigo a shekarun 1950 da 1960, farare suka kwashe kayansu, jari ya bi su, kantuna suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shekara 60 ɗin ma ba duka ake cin moriyarsu ba. Hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda kan kama mutum tun yana tsakiyar ƙarfinsa. Wata mai bincike, Arline Geronimus, ta bayyana wannan a 1992 da zaizayewa: fargaba da wariya na yau da gobe suna cin jiki kamar yadda damina ke cin katangar ƙasa, kaɗan-kaɗan, har ta rufta. Ga kuma nisan magani. Daga 1991 zuwa 2018 Kudancin Shikago, inda Englewood take, ba shi da cibiya mai cikakken kayan aiki ta ceto manyan da suka ji mummunan rauni, saboda haka wanda aka harba a can sai motar asibiti ta yi doguwar tafiya da shi yana zubar da jini.