Cututtukan da ake ɗauka a asibiti bayan raunin ƙwaƙwalwa

Cutar asibiti ita ce wadda ta bayyana ga majinyaci bayan awa 48 ko fiye da kwantar da shi, alhali bai zo da ita ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce cikin majinyata 100, kusan 7 ne ke kamuwa da ita a ƙasashe masu arziki, 15 kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Wanda ya samu rauni a ƙwaƙwalwa, ko ta hatsarin babur ko shanyewar ɓarin jiki, yana sahun gaba. Raunin kansa yakan rage ƙarfin garkuwar jiki. Ga kuma robobin da ake sa masa: ta fitsari, ta abinci da ake bi da ita ta hanci, wani lokaci da bututun numfashi a maƙogwaro. Kowace roba ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Da yake haɗiya kan yi masa wuya, kunu ko yawu na iya zarcewa huhu ya zama namoniya, doguwar kwanciya kuma ta kawo gyambo a ƙugu da dunduniya.

Abin da ya fi tsananta lamarin shi ne ƙwayoyin da suka bijire wa magani, irin su MRSA, Klebsiella da Acinetobacter. Sau da yawa majinyaci daga ɗakin kulawa ta musamman yake tahowa da su sashen gashi da motsa jiki, suna zaune a fatarsa ko hanjinsa ba tare da wata alama ba. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi shan wahalarsu.

Gano cutar ba shi da sauƙi, domin mai raunin sau da yawa ba ya iya cewa ga inda ke masa ciwo. Zazzaɓi ma na iya fitowa daga ƙwaƙwalwar kanta. Shi ya sa gwajin fitsari, jini ko majina ya fi ba da maganin antibayotik a kan zato, wanda shi ne ma ke ƙara wa ƙwayoyin taurin kai.

A asibitocin yankin nan, dangi ne ke yawancin jinya, saboda haka rigakafi na hannunsu: wanke hannu da sabulu kafin taɓa majinyaci da bayansa, juya shi duk bayan awa 2, ɗaga kansa lokacin ciyarwa, da tambayar likita kullum ko lokacin cire robar fitsari ya yi.