Shaƙuwar da ta ƙi tsayawa: abin da ke jawo ta da yadda likitoci ke maganinta

Shaƙuwa na cikin abubuwan da ɗan Adam ke fara yi tun kafin a haife shi, domin ɗan tayi ma yakan yi ta a cikin mahaifiyarsa. Galibi takan zo ne bayan an ci abinci da gaggawa, ko an cika ciki, ko yaji ya yi yawa, ko an kwankwaɗi lemon kwalba, ta yi 'yan mintuna ta wuce. Irin wannan ba ta buƙatar likita. Wadda ake damuwa da ita ita ce wadda ta haura awa 48 ba ta tsaya ba, ko tana tafiya tana dawowa. Idan ta zarce wata guda, likitoci kan sanya ta cikin rukunin shaƙuwa mai wuyar magani. A wannan mataki shaƙuwa alama ce ta wata cuta da ke ɓoye a jiki, kuma neman wannan cutar shi ne babban aikin likita.

Yadda take faruwa

Tsakanin ƙirji da ciki akwai wata faffaɗar tsoka da ke sauka tana hawa duk lokacin da aka ja numfashi. Idan ta zabura ba zato, iska kan shiga da ƙarfi, sai ƙofar maƙogwaro ta rufe cikin ƙiftawar ido. Rufewar ce ke ba da sautin da kowa ya sani. Hakan na iya maimaituwa daga sau 4 har zuwa sau 60 a minti ɗaya.

Jijiyoyi biyu ne ke kai saƙo tsakanin wannan tsoka da gindin ƙwaƙwalwa. Ɗaya ta taso daga wuya ta sauka ta gefen zuciya har zuwa tsokar. Ɗayar kuwa doguwa ce mai rassa, ta taɓa kunne da maƙogwaro da huhu da zuciya da tumbi da hanji. Duk abin da ya tsokani jijiyoyin a kan wannan doguwar hanya yana iya tayar da shaƙuwa. Shi ya sa dalilanta suke da yawa, daga gashi ko ƙwaron da ya taɓa dodon kunne har zuwa ƙari a ƙwaƙwalwa. An kuma lura cewa mai daɗewa ta fi kama maza, musamman waɗanda suka manyanta.

Cututtukan da ke bayanta

Wanda aka fi cin karo da shi shi ne ƙwannafi, wato ruwan tumbi mai tsami ya riƙa haurowa hanyar abinci. Gyambon ciki, toshewar hanji, kumburi ko ƙurji a hanta da ciwon daji na ciki duk suna jawo ta. A watan Yulin 2021 an kwantar da shugaban Brazil na lokacin, Jair Bolsonaro, a asibiti bayan ya kwana goma yana shaƙuwa, aka gano hanjinsa ne ya toshe.

A ƙirji akwai ciwon huhu, tarin fuka, taruwar ruwa a gefen huhu, da ciwon zuciya. Wani lokaci toshewar jijiyar zuciya kan zo wa mai ciwon sukari ko dattijo ba tare da ciwon ƙirji mai tsanani ba, sai shaƙuwa da gumi da kasala. A ƙwaƙwalwa kuwa akwai sanƙarau, ƙari, da wani nau'in shanyewar jiki da ke taɓa gindin ƙwaƙwalwa, wanda kan zo da jiri, tangaɗi, dusashewar murya da wahalar haɗiya. Maƙoƙo ma, idan ya girma, yakan danne jijiyar wuya.

Ciwon ƙoda ya cancanci a tsaya a kansa. Idan ƙoda ta gaza, dattin da ya kamata ya fita ta fitsari sai ya taru a jini, shaƙuwa kuma na cikin alamominsa, tare da amai, ƙaiƙayin jiki, kumburin fuska da ƙafafu da raguwar fitsari. Hawan jini da ciwon sukari da ba a kula da su ba ne kan gaba wajen lalata ƙoda, sai kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda masu aikin ƙarfi ke haɗiya kusan kullum. Abin da ake kira shaƙuwar mutuwa a wurin majinyacin da ya galabaita, sau da dama wannan ne, kuma da an yi gwajin jini da wuri, wani da ya samu wankin ƙoda.

Fatakwal ta taɓa ganin wata cuta da shaƙuwa ke cikin alamominta. A watan Maris na 2014, rahoton cewa majinyata a ƙasar Gini suna shaƙuwa na cikin abin da ya sa likitocin ƙungiyar MSF suka zargi Ebola tun kafin gwaji ya tabbatar. Cutar ta shigo Legas ranar 20 ga Yulin shekarar, ta isa Fatakwal a watan Agusta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Najeriya ta rabu da ita ranar 20 ga Oktoba. Shaƙuwa ita kaɗai ba ta nuna Ebola, amma idan ta haɗu da zazzaɓi mai zafi, amai, gudawa ko zubar jini, ba ta zaman gida ba ce.

Magungunan da ke jawo ta

Wannan babi ya shafi Hausawa mazauna kudu maso gabas da yankin Neja Delta ƙwarai. 'Yan shanu da mahauta na kasuwar New Artisan a Inugu, 'yan albasa da tumatir na Anacha, 'yan dako da direbobin manyan motoci a Fatakwal, yawancinsu kemis ne asibitinsu na farko, saboda rufe rumfa na yini guda asara ce. Ga shi kuma Anacha na da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin magunguna na ƙasar nan, Ogbo Ogwu da ke kusa da gadar Neja, wadda hukumar NAFDAC ta rufe na wani lokaci a watan Fabrairun 2025 yayin farautar jabun magunguna.

Dexamethasone, wanda wasu ke sha don ƙiba ko don ciwon gaɓoɓi, yana sahun gaba cikin magungunan da aka san suna tayar da shaƙuwa. Haka ma diazepam da danginsa na sa barci, da tramadol da kodin, da wasu magungunan ciwon daji. Giya da taba su ma suna ciki. Sai dai wanda ya daɗe yana shan dexamethasone kada ya daina shi lokaci guda, domin hakan na iya jefa shi cikin haɗari. Likita ne zai rage masa a hankali.

Dabarun gida

Riƙe numfashi na ɗan lokaci, kurɓar ruwan sanyi kaɗan-kaɗan, haɗiye cokalin sukari, ko zama a jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, duk suna iya tsayar da shaƙuwar yau da kullum. Mai ciwon sukari ya bar na sukarin. Razana mutum da zargin ƙarya, kamar yadda ake yi wa yara, yakan yi aiki wani lokaci domin yana katse numfashi. Zaren da ake ɗora wa jariri a goshi kuwa ba ya cutarwa, ba ya kuma ƙara komai, shaƙuwar jariri da kanta take wucewa. Abin gudu shi ne numfashi cikin leda, da ɗura wa jariri ko wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa ko jiƙo.

A asibiti

Likita zai fara da tambayoyi: yaushe ta fara, ko tana ci gaba har cikin barci, wane magani ake sha, ko an yi tiyata kwanan nan. Zai duba kunne da wuya da ƙirji da ciki, sannan a auna aikin ƙoda da hanta da sukari da gishirin jini, a ɗauki hoton ƙirji, a gwada bugun zuciya. Idan da hali, a leƙa tumbi da na'ura mai kyamara ko a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Yana da amfani majinyaci ya taho da kwalayen duk abin da yake sha, har da na gargajiya, da kuma wanda zai yi masa tafinta idan Turanci na ba shi wuya.

Idan aka magance tushen, shaƙuwar kan tafi. In ana zargin ƙwannafi, akan fara da omeprazole ko makamancinsa. Magungunan da ake bayarwa don shaƙuwar kanta sun haɗa da baclofen, gabapentin, metoclopramide da chlorpromazine, wanda shi kaɗai ne hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi musamman don wannan lalura. Babu ɗaya cikinsu da ya dace a saya a kemis ba da takardar likita ba. Chlorpromazine na saukar da jini ya sa jiri da barci, metoclopramide na iya murɗe wuya da ƙafar da idanu, baclofen kuwa yana iya sumar da mai ciwon ƙoda, wanda shi ne mutumin da shaƙuwa ta fi zuwa wa ba tare da ya san ƙodarsa ta taɓu ba. Idan duk magunguna suka gaza, akan yi wa jijiyar wuya allurar kashe motsi na ɗan lokaci. Akwai dai waɗanda tasu ta gagara: Charles Osborne, wani manomi a jihar Iowa ta Amurka, ya yi shekara 68 yana shaƙuwa, daga 1922 zuwa 1990.

Ko da babu wata muguwar cuta a bayanta, shaƙuwar kwanaki na hana ci da barci, ta kawo rama da ƙarancin ruwa a jiki, ta kuma iya buɗe ɗinkin wanda aka yi wa tiyata. Al'adar a bari sai an koma gida Arewa a nemi magani tana da haɗari a nan, domin mai ciwon zuciya ko ƙoda ba lallai ne ya jure tafiyar yini da dare a mota ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Fatakwal, da na Jami'ar Najeriya da ke Ituku-Ozalla kusa da Inugu, da na Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Nnewi kusa da Anacha, duk manyan asibitocin gwamnatin tarayya ne da ake tura irin waɗannan majinyata. Wanda shaƙuwarsa ta zo da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, aman jini ko ruɗewa, ba zai jira cikar awa 48 ɗin ba, sashen gaggawa za a kai shi nan take.