Tarihin Ma'anar Sublime: Ɗaukaka Mai Haiba

Sublime kalma ce ta Ingilishi wadda ake siffanta abu da ita idan girmansa ya kai matsayin da zai cika zuciyar mai kallo ko mai sauraro da haiba, har hankali ya kasa kewaye shi. Asalinta daga Latin ne, harshen Rumawa, inda take nufin abin da aka ɗaga sama. Mutanen Ingila kuwa sun fara jin ta a bakin masu ilmin alkimiyya, waɗanda ke kiran tashin daskararren abu ya zama tururi da wannan suna.

Amma ma'anarta ta ilmi daga fannin balaga ta fito. Akwai wani ɗan littafi na Yunananci a kan ɗaukakar magana, wanda ake jingina wa Lonjinus, malamai kuma suna kyautata zaton an wallafa shi a ƙarni na farko na Miladiyya. Mawallafin ya bayyana cewa magana maɗaukakiya ba ta tsayawa rarrashin mai sauraro da hujja bayan hujja, sai dai ta fizge shi gaba ɗaya, kamar yadda aradu ke faɗowa; ya kuma ƙidaya mata maɓuɓɓuga biyar, wato girman tunani, da ƙarfin shauƙi, da adon magana, da zaɓen lafazi mai daraja, da kyakkyawan tsarin jimla. Ya kafa shaida da waƙoƙin Homer, da huɗubobin Demosthenes, har da labarin halittar haske da ke farkon Attaura, abin da ba a saba gani ba a wurin marubutan Yunan. Kofe mafi tsufa da ya saura na ƙarni na goma ne, yana ajiye a Paris, kuma wajen sulusin littafin ya salwanta. An fara buga shi a Basel a 1554, amma bai shahara ba sai da Boileau ya tarjama shi zuwa Faransanci a 1674.

Daga nan ma'anar ta ƙaura daga magana zuwa halitta. A da Turawa suna ɗaukar manyan duwatsu a matsayin wuraren wahala da halaka, amma da matafiya irin su John Dennis, wanda ya ƙetare duwatsun Alps a 1688, suka komo gida suna ba da labarin wani daɗi da suka ji gauraye da firgici, sai masu hikima suka dukufa neman sababinsa. Edmund Burke, mutumin Ailan, ya amsa a littafinsa na 1757, inda ya raba kyau da ɗaukaka: kyau yana ga abu ƙarami mai santsi, yana haifar da ƙauna, ɗaukaka kuwa tana ga duhu da faɗi da ƙarfi, tushenta tsoro ne, da sharaɗin mutum ya hangi haɗarin daga inda ba zai same shi ba.

Immanuel Kant, malamin falsafa na Jamus, ya sake ƙaurar da ita a 1790, daga dutse da teku zuwa cikin mai kallon kansa. Ya kasa ta gida biyu: ta yawa, irin ta sararin samaniya da ido ba ya iya ƙurewa, da ta ƙarfi, irin ta guguwa da aman wuta. A ganinsa, yayin da gaɓɓai suka gaza a gaban abu mai girma, a lokacin ne mutum ke farga cewa yana da hankalin da ke iya riskar abin da ba shi da iyaka, saboda haka ɗaukakar ta hankali ce. Masu zane na ƙarni na goma sha tara, irin su Turner a Ingila da Caspar David Friedrich a Jamus, sun cika allunansu da hazo da igiyar ruwa da ƙololuwar tsaunuka, ɗan Adam yana tsaye a gabansu.

Ɗalibin da ya karanta littattafan tasawwufi zai tarar da makamancin rabon da Burke ya yi tsakanin kyau da ɗaukaka, domin malaman Musulunci sun riga sun bambanta jamali (kyau) da jalali (ɗaukaka), Imam Ƙushairi kuma, wanda ya rasu a 1072, ya yi bayanin haiba da unsu (natsuwar zuciya da kusanci) a Risalarsa ƙarnuka kafin Burke. Halin da zuciya ke shiga ya yi kama a wurin ɓangarorin biyu, amma sun saɓa a kan inda yake kai mutum: Kant ya mayar da shi ga darajar hankalin ɗan Adam, su kuwa malaman tasawwufi suka mayar da shi ga girman Mahalicci, suka ce amfaninsa shi ne ya gadar wa bawa tawali'u.