Bambancin Ganyen Dawa da na Alkama Wajen Haɗa Abinci da Hasken Rana

Tsakure

Maƙalar nan tana ja da bayanin da aka saba bayarwa cewa saiwa ce kaɗai sirrin juriyar gero da dawa ga fari da zafi. Hujjarta ita ce babban rabon juriyar yana cikin ganye, a yadda yake kama iskar kabon idan rana ta take.

Waiwaye

Littattafan sakandare suna koyar da lissafi guda: ruwa da iskar kabon da haske su ba da sukari da oksijin. Lissafin daidai ne, sai dai yana sa ɗalibi ya zaci duk tsirrai hanya ɗaya suke bi. Hanyar da Calvin da Benson da Bassham suka gano a shekarun 1950, a kan gansakukar ruwa suka gano ta, kuma sinadarin farko da take samarwa kabon uku gare shi, shi ya sa ake kiranta C3. Amma a 1965 Kortschak da abokan aikinsa a Hawai suka ga mai kabon huɗu a ganyen rake, sannan Hatch da Slack suka fayyace hanyar, wato C4, a Ostareliya a 1966. Gero, dawa, masara da rake duk 'yan C4 ne. Alkama da shinkafa C3.

Hanyar bincike

An kwatanta sakamakon gwaje-gwajen da aka riga aka wallafa da jadawalin shuka na ƙasar Kano. Ba a yi sabon awo ba.

Sakamako

Matsalar C3 tana ga Rubisco, sinadarin da ke kama kabon. Yakan yi kuskure ya kama oksijin, kuma kuskuren ƙaruwa yake yi da zafi, har tsiro ya riƙa zubar da kabon ɗin da ya sha wahalar tarawa. Dawa ta kauce wa wannan da raba aiki gida biyu. Ƙwayoyin ganye na waje su kama kabon da wani sinadari da ba ruwansa da oksijin, su tura shi cikin zoben ƙwayoyin da ke kewaye da kowace jijiyar ganye, inda Rubisco yake a killace. Wanda ya yanka ganyen dawa siriri, ya ɗiga masa aidin, ya duba a madubin ƙara girma, zai ga zoben ya yi baƙi saboda sitacin da ya taru a ciki. Ganyen alkama ba ya nuna haka.

Turawar nan ba kyauta ba ce: kowace ƙwayar kabon tana cin ATP (sinadarin kuzari) 5 a C4, a C3 kuwa 3. Ke nan a cikin sanyi alkama ce ke da riba. Awon Ehleringer da Björkman na 1977 ya nuna hanyoyin biyu suna yin kunnen doki a wajejen digiri 30, daga nan zuwa sama C4 ta wuce. Abin da ya fi ɗaukar hankalin mai wannan nazari ke nan, don kusan a kan wannan layi manomi ya tsaga shekararsa tun kafin a auna. Alkamar Kadawa ta ƙasar Kano a Nuwamba ake shuka ta, ta girma cikin hunturu, wanda ya makara kuwa zafin Maris ya same shi. Gero da dawa ana shuka su da ruwan farko, ƙasa na tururi.

Ribar ruwa ma daga nan ta fito. Tunda dawa na tara kabon a ciki, ba sai ta wangale ƙofofin ganyenta ba, don haka ruwan da take asara a kan kowace ƙwayar kabon kimanin rabin na C3 ne. Masu jingina komai ga saiwa sun tsallake wannan.

Iyakar nazari

Dole a yarda wake da gyaɗa C3 ne, kuma suna rayuwa a gona ɗaya da gero. Masara C4 ce amma ba ta jure fari kamar dawa, a nan saiwa na da nata rabon. Zafi kuma yana lalata alkama ta wata fuskar, lokacin fure da cikar ƙwaya, kuma awon 1977 na ganye ne a ɗakin gwaji cikin haske kaɗan.