Wurin da Ya Fito Daga Tsibiran Murjani

Masu hali kan biya dala su je Maldibs, a Tekun Indiya, su yi ninƙaya a kan duwatsun murjani. Yankin Baa ma UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake karewa tun 2011. Ni kuwa jikan ɗan goro ne a Zangon Agege, kuma abin da ya haɗa mu da tsibiran nan shi ne wuri, kuɗin mutanen da.

Kakata tana da wani ƙoƙo cike da shi, bayan kowane ɗaya a fashe don a zura zare. Ta ce da irinsa surukinta ya fara fataucin goro. Asalin wuri 'yar dodon-koɗi ce da ke rayuwa a ruwa mara zurfi. Mutanen tsibiran kan jefa ganyen kwakwa a ruwa, su bari ta manne, su kwaso su binne har naman ya ruɓe, sai a wanke. Ibn Battuta, wanda ya yi alƙalanci a can wajen 1343, ya ga haka, daga baya ya tarar ana ciniki da wurin a Gao.

Turawan Holan da Ingila suka riƙa danne cikin jiragensu da shi, su sauke a Wida da Ikko. Da shi aka sayi bayi, ba a ɓoye wannan, sannan aka sayi manja. Daga bakin teku ya hau kan 'yan dako da jakuna zuwa Arewa, keso-keso, kowane keso 20,000. A 1851 Bature Barth, da Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya tarar dala ɗaya wuri 2,500 ce a Kano.

Kwaɗayi ne ya kashe kuɗin wuri. Daga 1845 'yan kasuwar Hambog suka fara jibgo wani iri mai araha daga Zanzibar, ya cika Ikko, daraja ta zube. Ɗan dako kan cinye rabin kayansa a kuɗin abinci kafin ya isa.

A 1904 Turawa suka hana shigo da wuri. Lokacin da dogo ya haɗa Agege da Kano, huhunan goro suka fara hawa jirgi, sule da anini ake ƙirgawa a Zango. Wuri ya koma hannun masu duba da 'yan bori.